Daga Jos zuwa kan dusar ƙanƙara: yadda sabon shiga zai shirya wa gasar gudu, keke da siki

Gasar nan wasanni uku ne a haɗe babu hutu a tsakani, ka fara da gudu, ka hau keke irin na hawan duwatsu, sannan ka ƙarasa da siki, dogayen katakai siraran nan guda biyu da ake ɗaurawa a ƙafa ana zamiya da su da sanduna a hannu, kuma duka ukun a kan dusar ƙanƙara ake yinsu. Tirayatlon na hunturu kenan. Hukumar World Triathlon ce ke kula da ita, gasar duniya ta farko a 1997 aka yi a garin Mals na Italiya, bayan nan ta zaga wurare irinsu Asiago da Cogne da Pragelato duk a Italiya, an yi a ƙasar Andora, a 2023 kuma aka yi a Skeikampen na ƙasar Norwe. Har yanzu dai ba ta shiga Olamfik ba, shi ya sa ko a Turai ba kowa ya santa ba, kuma wannan alheri ne ga sabon shiga don mutanen da ke zuwa ba su da yawa kuma suna da sauƙin kai sosai.

Ni ƙaramar gasa na shiga ta 'yan gari a arewacin Italiya, kuma abin da na dawo da shi Jos shi ne, ɗan Filato yana da kashi biyu cikin uku na gasar nan tun kafin ya hau jirgi, ƙafa da huhu Allah Ya bamu, tudu kuma a kansa muka tashi. Abin da zai kayar da kai siki ne da kuma zufarka, to nan zaka zuba kuɗinka da lokacinka, kar ka ɓata su kan sayen keke mai tsada.

Fara da sanin nisan da zaka yi. A cikakkiyar gasa gudu yana kamawa daga kilomita 5 zuwa 9, keke 10 zuwa 15, siki 8 zuwa 12, kuma ba a tsayar da nisan sai an ga yanayin dusar, ana lissafa shi ne yadda na farko zai gama cikin minti 80 zuwa 90. Wannan lissafin gwanaye ne fa, kai ka sa a ranka zaka iya ninka shi. Akwai gajera wadda kusan rabin wannan ce, ita zaka nema, kuma wasu gasannin suna yarda mutum uku su raba, kowa ya ɗauki wasa ɗaya, in ka samu irin wannan a karon farko to ka ɗauki gudu ko keke ka ga yadda abin yake da idonka. Ka kuma karanta takardar gasar da kyau kafin ka biya, don a Kwibek ta Kanada akwai wani salon daban, gudu da faffaɗan takalmin dusa, zamiya da takalmi mai wuƙa a kan daskararren ruwa, sannan siki, babu keke ko kaɗan.

Kafin komai je asibiti, wannan ba maganar wasa bace. Sanyi mai tsanani da tsayin wuri da ƙarancin ruwa a jiki su ne ainihin abubuwan da ke tayar da ciwon sikila, mai SS ko SC bana bashi shawarar ya shiga sam, mai AS ma ya zauna da likita ya gaya masa gaskiyar abin da zai je yi, sanyi ƙasa da sifiri, tudu mita 1,500, gudu na awa biyu. Mai asma shi ma haka, busasshiyar iska mai sanyi tana matse ƙirji, ka san yadda hunturu ke yi wa masu ita a nan ma. Dama Italiya suna da tsauri kan takardar likita ga duk mai shiga gasa, kaga jifa ɗaya tsuntsu biyu.

Horon gudu shi ne mai sauƙi don muna da wurin. Jos tana kan tsayin mita 1,200 da ɗoriya, Asiago kusan 1,000 ce, Pragelato da Cogne kusan 1,500, kaga huhunka ba zai ji baƙunta sosai ba, kuma ba banza ba 'yan tseren dogon zango na Najeriya da yawa daga Pankshin da kewaye suke fitowa. Abin da zaka canja shi ne ƙasar da kake takawa, bar kwalta, nemi burji da hanyoyin gona da hawa da gangara, ɓangaren Shere da Lamingo da Rayfield duk akwai, amma ku tafi ku biyu ko uku kuma ku tambayi mutanen wurin halin da hanya take ciki kafin ku nutsa. Koyi gajeren taku mai sauri, don a dusa in ka buɗe ƙafa da yawa baya take zamewa kana asarar ƙarfi a banza. Kuma ka saba da sauka daga gudu ka hau keke nan take ko da na minti 20 ne, sau ɗaya a sati ya isa, ƙafa ta san wannan nauyin tun a gida. Fita da asuba a watan Disamba da Janairu lokacin da sanyin Jos ke sauka wajen digiri 10 ko ƙasa da haka yana taimakawa ka koyi sa kaya da cire su, amma kar ka yaudari kanka, can ƙasa da sifiri ake magana, 5 ko 10 ƙasa, wani sanyi ne daban wanda yake shiga haƙori.

Keke kuma, tuƙi a kan dusa mai laushi kamar tuƙi ne a cikin yashin rafi da rani, tayar gaba tana neman inda ta ga dama, in ka ƙanƙame kan keken ka faɗi in ka taka birkin gaba ka faɗi. To yashi zaka nema, kuma muna da shi tuli a tsofaffin wuraren haƙar kuza na wajen Bukuru da Rayfield, kawai ka nisanci bakin kududdufan don zurfinsu ya wuce yadda ido ke gani. Zauna a sirdi ka tura nauyinka baya, sa giya mai sauƙi ƙafa tana juyawa ba tsayawa, idonka can gaba inda kake son zuwa kar ka kalli taya, hannu a sake. Sirrin duka yana cikin iskar taya. Mai faci a nan zai cika maka ita tam kamar dutse, a dusa kuwa ana rage ta ne sosai, tsakanin 10 da 20 a ma'aunin PSI gwargwadon nauyinka da faɗin tayar, don ta baje ta kama ƙasa. Gwada a yashi da kanka, cika ta ka bi, rage ta ka sake bi, zaka ji bambancin a cinyarka. Kar ka ɗauki kekenka a jirgi, kuɗin kaya da wahalar ba su biya ba, yi haya a can, in gasar ta yarda da mai ƙatuwar taya irin ta inci 4 to ita ce ta sabon shiga. Feda kuma ka zaɓi shimfiɗaɗɗiya wadda ba ta kama takalmi, da takalmin gudunka zaka hau, ka rage canji ɗaya kuma in keke ya karkata ƙafarka tana ƙasa kafin ka kai. Tura keke da hannu ba laifi bane a doka kuma ba abin kunya bane, na ga gwanaye suna sauka suna gudu da shi a inda dusar ta dagargaje, sau da yawa ma sun fi wanda ya nace a kan sirdi sauri.

Toh sai babban, siki. Salo biyu ne. Akwai na gargajiya, inda injin ya yanka layi biyu a dusa kamar kwalbati siririya, ka sa siki ɗaya a kowanne kana tafiya kamar mai dogon taku kana zamewa. Akwai kuma na turawa gefe da gefe, sikin a buɗe kamar harafin V, wannan ya fi sauri kuma shi kusan duk 'yan gasa ke yi, amma yana cin lokaci kafin jiki ya gane shi, wanda bai taɓa taka dusa ba zai iya yin kwanaki yana fama bai yi kilomita ɗaya cikin natsuwa ba. Shawarata ka ɗauki na gargajiya, ka nemi sikin da ke da fata ko ɓawo irin na kifi a ƙarƙashin tsakiyarsa, shi ba ya buƙatar kakin riƙo da ake shafawa, wanda shi kansa ilimi ne mai zaman kansa. Amma ka rubuta wa masu shirya gasar tun da wuri ka tambaya ko za su yanka layin gargajiya, wasu ba sa yi. Takalmi da siki da sanduna ka karɓe su a shago ɗaya, don maƙalar takalmin iri iri ce ba kowanne ke shiga kowanne ba, sandar gargajiya tana kaiwa tsakanin hammata da kafaɗa, ta ɗaya salon har haɓa ko hanci.

A Jos me zaka iya yi? Da yawa. Tsaya da ƙafa ɗaya kana goge baki ko kana jiran shayi ya tafasa, minti ɗaya nan minti ɗaya can, har ka iya da ido a rufe, don siki gaba ɗayansa ɗora nauyi ne kan ƙafa ɗaya tana tafiya. Samu sanduna biyu ka hau tudu da su kana tura ƙasa da ƙarfi hannun dama da ƙafar hagu tare. Karɓi tsohon tub ɗin keke wajen mai faci ka ɗaura a saman ƙofa ko reshen bishiya, ka riƙa jan shi ƙasa da hannu biyu kana lanƙwasa ciki, bayan hannu da ciki da gadon baya su ne za su fara mutuwa a ranar. In ka samu takalmi mai taya irin na yaran nan da ke zamiya a titi shi ma yana koya daidaito, amma a fili mai shimfiɗa da hular kwano, ba a titin da keke napep ke bi ba. Duk wannan share fage ne, dusa sai a dusa. Kar ka ce zaka je wurin siki na cikin kanti a Dubai ko Alƙahira ka koya, wancan na gangarowa ne daga tudu, kaya daban salo daban. Ka isa garin gasar aƙalla kwana biyar ko sati kafin ranar ka ɗauki malami, awa biyu kullum na kwana uku, wallahi wannan ne kuɗin da ya fi kowanne amfani a duk tafiyar. Ka ce masa abu huɗu kake so kafin komai, yadda ake tsayawa, yadda ake gangara a hankali da bakin sikin a haɗe baya a buɗe, yadda ake hawa tudu mai tsini da bakin a buɗe, da yadda ake tashi in an faɗi. Tashin nan ka maimaita shi har ya zama jiki, ka mirgina gefe, ka jera sikin biyu a gicciye da gangaren, ka durƙusa gaba kan gwiwa sannan ka miƙe, kar ka dogara da sanda don karyewa take. Kuma kar wani ya ce maka ba namu bane, Samuel Ikpefan ya wakilci Najeriya a irin wannan sikin na dogon zango a Olamfik ɗin hunturu na Beijin a 2022, ko da yake shi a tsaunukan Faransa ya girma.

Maganar takardu a taƙaice. Italiya da Norwe biza ɗaya ce ta Shengen, kuɗinta yuro 90, ana iya nema tun wata 6 kafin tafiya, to kar ka jira Disamba. Inshorar lafiya ta aƙalla yuro 30,000 dole ce, amma ka duba ko ta haɗa da gasar wasanni don da yawa suna cire ta. Andora ba ta cikin Shengen kuma ba ta da filin jirgi, ta Faransa ko Sifaniya ake shiga, saboda haka biza mai shiga fiye da sau ɗaya kake buƙata. Gasannin tsakanin Janairu da Maris suke, kuma a shekarun nan azumi yana faɗowa cikin Fabrairu da Maris, duba kalanda kafin ka biya rajista. Rana gajera ce a can, Azahar da La'asar da Magariba kusa da juna suke, ka tambayi malaminka hukuncin matafiyi da na shafa a kan huffi tun kana gida.

Kaya yanzu, kuma a nan ne ɗan ƙasar zafi ke cutar kansa da hannunsa. Tsoron sanyi zai sa ka jibga suwaita da ƙatuwar jaket, minti 10 da fara gudu ka jiƙe sharkaf, kana hawa keke iska ta bugi jiƙaƙƙen kayan nan sai jiki ya fara karkarwa, daga nan gasar ta ƙare ko da kana kan hanya. Dabarar ita ce a layin farawa ya zama kana jin sanyi kaɗan. Auduga kar ta taɓa fatarka, ko singileti ko gajeren wando ko safa, tana shan zufa ta riƙe. Ka sa mai kama jiki ta roba irin ta 'yan ƙwallo ko ta ulu siririya a ciki, wata mai dogon hannu a kai, sai jaket marar nauyi mai tare iska wadda ke da zif har ƙasa, kana hawa tudu ka buɗe kana gangara ka rufe. Abin daɗi shi ne kusan duk wannan akwai shi a gwanjon kasuwar Katako in kana da haƙurin tono, ka juya rigar ka karanta ɗan ƙyallen ciki, in ka ga auduga ajiye. Safar hannu biyu, siririya ta gudu da mai kauri ta keke don a keke ne yatsu ke mutuwa, siririyar hula da zata shiga ƙarƙashin hular kwano, ƙyallen wuya da zaka ja ya rufe hanci, da tabarau mai duhu, don hasken rana a kan farar dusa yana ƙona ido da gaske. Takalmin gudu mai haƙora a ƙasa, rabin lamba sama da naka saboda safa mai kauri, in ya matse jini ba ya zagawa yatsu su daskare. 'Yar'uwa mai sa hijabi, akwai na wasanni mai kama kai da ke shiga ƙarƙashin hular kwano lafiya lau, shi ma dai kar ya zama na auduga.

Ranar gasa ka ci abinci awa uku kafin farawa, abin da cikinka ya sani, burodi da zuma da shayi ko taliya, ba ranar gwada sabon abu bace. Dabino ka cire ƙwallon ka sa a aljihun ciki kusa da jiki don kar ya yi tauri. Ruwa mai ɗumi zaka zuba a gora, mai sanyi daskarewa yake a kan keke, kuma ka sha ko ba ka jin ƙishi don sanyi yana ɓoye ƙishirwa. Waya ma aljihun ciki, batir yana mutuwa da wuri a sanyi. Je filin canji, inda ake ajiye keke da siki, da wuri ka jera kayanka yadda zaka same su ba tunani, hular kwano a kan keke a buɗe, takalmin siki a sassauce bakinsa a wangale kuma a cikin leda ko jaka in an yarda don kar dusa ta cika shi, sanduna ka san ta dama da ta hagu don igiyar hannunsu daban take. Ka tsaya a ƙofar shiga ka ƙirga layi nawa ne zuwa wurinka. Doka ɗaya da ba a sassauci a kanta, sai ka ɗaure hular kwano kafin ka taɓa keke, kuma ba ka kwance ta sai ka mayar da shi mazauninsa.

In an busa, kowa zai fita da gudu kamar an koro shi, kai ƙyale su. Zaka ji ƙafarka tana so don gudu naka ne, riƙe ta, yi gudun da zaka iya magana a cikinsa, bi inda na gaba suka taka ya daddale. Duk ƙarfin da ka ƙona a nan a siki zaka neme shi, kuma mutumin da bai iya siki ba ƙarfi ninki yake kashewa a kan kowace mita.

Canji na biyu, daga keke zuwa siki, shi na fi so ka yi wa shiri a zuciya. Na sauka daga keke yatsuna ba sa ji na, ina kallon zif ɗin takalmin sikin ina kama shi da babban yatsa da manuni amma ba sa haɗuwa, kamar hannun wani ne. Wata dattijuwa cikin masu taimako ta nuna min da hannunta in cusa su a hammata, na durƙusa a wurin hannuwa a cikin riga ina jin numfashina yana daskarewa a kan ƙyallen wuya, sai zafi ya fara dawowa kamar ana soka allura, sannan zif ya ja. To ka ɗaura ɗan igiya mai kauri a kan kowane zif tun a masauki yadda zaka ja shi da safar hannu, kuma a kilomita ta ƙarshe ta keke ka riƙa motsa yatsu kana buɗewa kana dunƙulewa. Kafin ka maƙala takalmi a siki ka buga ƙasansa da sanda, dusa tana cushewa a wurin ƙarfen gaba ta hana shi kamawa, zaka yi ta dannawa yana ƙi ba ka san dalili ba. Ana ɗaukar siki a hannu ne har layin da aka ware, a nan ake sawa.

A kan hanya ka tsaya gefe, masu sauri za su zo ta bayanka suna kira, kar ka firgita kar ka canja layi kwatsam. In ka faɗi a gangara fara janye jikinka da sandunanka daga tsakiya kafin ka yi tunanin tashi. Gangaren da ya baka tsoro ka sauka shi da birkin nan da malam ya koya maka tun daga sama, kar ka bari sai gudu ya kama ka. Ka tambayi ƙa'idar lokaci tun a taron bayani na jajibiri, wasu gasannin suna da lokacin rufe hanya, gara ka sani. In sanyi ya wuce kima su da kansu suke ɗagewa, a dokar siki ta duniya digiri 20 ƙasa da sifiri ne iyaka.

Kana tsallake layin ƙarshe kar ka tsaya hoto da hira cikin jiƙaƙƙen kaya, minti 10 sun isa jiki ya faɗi. Ka bar jaka kusa da wurin tun da safe, busasshiyar riga da safa da hula da ƙatuwar jaket ɗin nan da na hana ka sawa, yanzu ne lokacinta, da filas na shayi mai citta da sukari. Cire na jiki gaba ɗaya har na ciki ka sa busassu. Duba yatsun hannu da na ƙafa da kunne da kan hanci ko sanyi ya daskarar da su, a fatarmu ba lallai ka ga fari ba, wurin zai yi toka toka ko ya yi tauri kuma ba ka jin taɓi. In ka ga haka kar ka murza, kar ka kai shi jikin hita ko wuta don zaka ƙone ba ka sani ba, ruwa mai ɗumi wanda gwiwar hannu zata iya jurewa ake sawa, kuma ka je tantin masu agaji su gani, suna nan a bakin layin. In kuma karkarwa ta ƙi tsayawa ko ka ji magana tana harɗe maka, kar ka ce bari in koma masauki in kwanta, gaya wa na kusa da kai ya raka ka wurinsu a take.